Futsal: mi ya sa fot na shida ke zama kusan penalti, kuma daga ina maganar shuɗin kati ta fito?

Duk mai bin ƙananan gasannin balo da samari ke shiryawa a Maradi, musamman lokacin babban hutun lakwal ko da dare cikin azumi bayan an sauko asham, ya san wasan ƴan biyar-biyar ya samu wurin zama. Filin handbal, filin basket, duk inda aka samu daɓen siminti da fitila sai ka ga an kafa gola biyu. To amma gardamar da ke biyo bayan wasan ita ma ta samu wurin zama, kuma kusan kullum a kan abu uku take. Arbit ya busa fot can tsakiyar fili, ya ɗauko balo ya kawo gaban gola ya ce a buga ba katanga, ƴan kallo su ce an saida wasa. Ko a ba ɗan wasa jan kati, bayan minti biyu sai a ga ekip ɗinsu ta koma mutum biyar, ɗayan ɓangaren su ce ina aka taɓa haka. Ko kuma wani ya taso da bidiyon da ya gani a TikTok na arbit ya ɗaga shuɗin kati, ya rantse ai shi ma yana cikin doka.

Kowanne cikin ukun nan yana da tushe, matsalar dai ba daga littafi guda suka fito ba.

Wane wasa ma ake nufi?

In an ce balon cikin ɗaki, wasanni daban-daban ne ake haɗawa cikin suna guda. Na farko shi ne futsal wanda FIFA ke riƙe da dokokinsa. Asalinsa birnin Montevideo na ƙasar Uruguwai ne a 1930, wani malamin motsa jiki Juan Carlos Ceriani ya tsara shi don yara su samu abin bugawa a filin basket, daga nan ya bazu a Kudancin Amurka, Brazil ta rungume shi. FIFA ta yi kofin duniyarsa na farko a 1989 a Holan, na 2024 kuma a Uzbekistan inda Brazil ta ci Ajantina 2-1 ta ɗauki kofi na shida. A Afirka Maroko ce ke jan zarenta, ita ta ci kofin nahiyar a 2016 da 2020 da 2024. Mutum biyar ne kowane ɓangare har da gola, rabi biyu na minti 20, agogo na tsayawa duk lokacin da balo ya fita, canji kuma ba iyaka.

Na biyu shi ne wanda Amurkawa ke bugawa cikin fili mai bango kewaye, balo ya bugi bango ya dawo a ci gaba da wasa, mutum shida-shida, kashi huɗu na minti 15. Na uku akwai futsal na wata ƙungiya daban mai suna AMF, wadda ba ta ƙarƙashin FIFA kuma tana da nata littafin. Sai kuma marakana da ta fito daga Kodebuwa, shida-shida ba mai tsaron gida, ita ma da nata tsarin. Abin da ake bugawa a unguwanni kuwa galibi gauraye ne, an ɗebo nan an ɗebo can an ƙara da dokar balon ƴan sha ɗaya da kowa ya saba gani a talabijin, shi ya sa mutum biyu za su yi ta musu alhali kowa da gaskiyarsa a littafin da ya karanta. Bayanin da ke tafe na futsal ɗin FIFA ne, sai inda aka ce ba shi ba.

Lissafin fot: na ekip ne, ba na mutum guda ba

Nan ne babban bambancin yake. A balon da muka sani, in ka yi fot an busa an buga shike nan ya wuce, sai in ya kai na kati. A futsal ba ya wucewa, rubuta shi ake yi, kuma da sunan ekip ake rubutawa. Kamar dai bashin mai shayi ne a fada, kowa ya sha a rubuta da sunan fada, ranar biya ba ruwan mai shayi da wa ya fi shan madara.

Ba kowane laifi ke shiga lissafin ba. Wanda hukuncinsa bugun kai tsaye ne shi ake ƙirgawa: harbin ƙafa, taɗiya, turi, riƙo, bangaza, tsalle a kan mutum, duka, taɓa balo da hannu. Laifin da hukuncinsa bugun da sai wani ya taɓa kafin ya shiga raga, wannan ba a sa shi, misali gola ya riƙe balo fiye da sakan 4 a rabin filinsu, ko ya kama da hannu balon da ɗan uwansa ya miƙo mishi da ƙafa da gangan. Mutane da yawa a bakin fili suna ƙirga duk busar da suka ji, to shi ya sa lissafinsu ke shan bamban da na tebur.

Daga fot na 1 zuwa na 5 a cikin rabi guda komi kamar yadda aka saba ne, a aje balo inda aka yi laifin, masu tsaro su ja baya mita 5 su yi katanga in suna so, mai bugu kuma yana da sakan 4. Da an kai na biyar, arbit na uku da ke zaune a tebur tare da mai riƙe da agogo zai sanar, a ɗaga alama kowa ya gani. Daga na shida kuwa, da na bakwai da na takwas da duk wanda ya biyo baya har a tafi hutun rabin lokaci, kowane guda bugu ne daga ɗigon mita 10, ba katanga. Ko da a ƙarshen filin abokan karawa aka yi laifin, can nesa da golarku, balo zai dawo ɗigon mita 10 ɗinku. In kuma an yi shi ne kusa da gola, tsakanin layin mita 10 da da'irar gola, mai bugun yana da zaɓi, ko ya buga daga inda aka kada shi ko ya koma ɗigon. In cikin da'irar gola ne to wannan penalti ne na mita 6, ko fot na nawa ne.

Yadda bugun ke kasancewa ya kamata a san shi don nan ma ana rigima. Mai bugu ɗaya ne kuma sai an san ko wane ne, dole raga zai nufa, ba a yarda ya tura ma ɗan uwansa ba. Sauran ƴan wasa duk su koma bayan balo, mita 5 tsakaninsu da shi. Gola kuma ba dole ya tsaya kan layi ba kamar a penalti, yana iya fitowa gaba muddin ya bar mita 5 tsakaninsa da balon, shi ya sa za ka ga gola ya fito ya buɗe hannuwa da ƙafafu ya rage ma mai bugu wuri, raga kuwa dama mita 3 ce a faɗi, 2 a tsayi. In an busa fot ɗin ana saura sakan guda a tashi, sai an buga shi kafin a tashi.

Abu biyu da ke yawan kuɓuce ma mutane. In arbit ya ga an yi fot ya bar wasa ya ci gaba don wanda aka yi ma laifin na da riba, ba yafewa ya yi ba, da balo ya fita zai nuna ma tebur a rubuta. Sannan lissafi na komawa sifili ne a farkon rabi na biyu kawai, in wasa ya kai ƙarin lokaci fot ɗin rabi na biyu na nan yana binku, ekip ɗin da ta ƙare da biyar za ta shiga ƙarin lokaci tana takatsantsan tun daga busar farko.

Mi ya sa aka tsara haka?

Girman fili ne. Filin manyan gasa bai wuce wajen mita 40 a tsawo da 20 a faɗi ba, daga golarka zuwa ta abokin karawa pas biyu ne ko uku. Da ba a ƙirga fot, da duk sanda aka ƙwace maka balo sai ka riƙe rigar mutum ko ka ɗan ture shi a tsakiya, a busa, ƴan uwanka huɗu su koma gida su jeru, wasa ya mutu. Kuma irin wannan ƙaramin laifin ba kullum yake kai na kati ba, in aka raba shi tsakanin mutum goma sha wani abu da ke shiga suna fita ba mai tara abin da za a kama shi da shi. Lissafin ekip shi ya toshe wannan ƙofa. Ga kuma daɓe, faɗuwa a kan katako ko siminti ba ɗaya take da faɗuwa kan ciyawa ko rairayi ba.

Katin gargaɗi da jan kati

Kati wani littafi ne daban, shi na mutum ne. Fot guda na iya shiga duka biyun, a rubuta ma ekip a kuma ɗaga ma mai laifin kati. Su kansu katunan ba tsofaffi ba ne sosai, wani arbit ɗan Ingila Ken Aston ne ya kawo shawararsu bayan ruɗanin korar Rattin kyaftin ɗin Ajantina a wasansu da Ingila a 1966, aka fara amfani da su a kofin duniya na 1970 a Meziko, futsal kuma ya gaje su.

Ma'aunin hawa uku ne kamar a babban fili. Laifin rashin lura, busa kawai. Na ganganci, wanda mai yin sa bai damu da abin da zai samu ɗan uwansa ba, katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Na ƙarfin da ya wuce kima har zai iya raunata mutum, jan kati. Gardama da arbit, ɓata lokaci, ƙin ja da baya mita 5, duk gargaɗi ne, biyu kuma sun zama ja. Akwai guda da ya fi kama sababbin shiga: canji. Tunda ba a tsaida wasa don canji, yaro na zumuɗi sai ya faɗa fili ɗan uwansa bai gama fita ba, ko ya shiga ta wani wuri ba ta gaban bencinsu inda aka shata ba, wannan kati ne kai tsaye ko da bai taɓa kowa ba.

Maganar takal na zamiya, wato ka kwanta ka zame ka ƙwato balo, tsofaffin ƴan wasa za su ce maka haramun ne a futsal. A da haka ne. Tun gyaran dokokin 2010 aka cire haramcin, yanzu ana duba yadda aka yi shi ne, in an taɓa balo tsab ba haɗari ba laifi. Sai dai masu shirya gasa da yawa a duniya suna hana shi a nasu filin saboda daɓe, kuma suna da wannan damar in dai sun faɗa tun farko.

To jan kati. Wanda aka kora ya tafi kenan, ba ya dawowa wasan, ba ya ma zama benci. Amma ekip ɗinsa minti biyu kawai za ta yi da mutum huɗu, minti biyu na agogon wasa, daga nan wani daga benci ya shiga su cika biyar. In masu biyar suka ci su kafin minti biyun su cika, nan take za su cike gurbin. In masu huɗun ne suka ci, ba abin da ya canza, su ci gaba da jiran lokacinsu. In kowane ɓangare an kori mutum guda suna huɗu da huɗu aka ci, ba mai ƙarawa sai lokacinsa ya cika. In biyar ne da uku masu biyar suka ci, mutum guda kawai masu uku za su ƙara. Ekip ɗin da ta koma ƙasa da mutum uku kuwa ba a ci gaba da wasa. Wanda aka ba ja yana zaune a benci, shi kaɗai zai tafi, ba a rage na cikin fili.

Akwai wani wuri kuma da futsal ya bambanta, wato kada mutumin da ya kama hanyar cin gola. A babban fili kusan kullum ja ne. A futsal ana duba ko gola na tsaye gaban ragarsa yana tsaronta, in yana nan galibi ba a ɗaukar abin a matsayin hana cin da ya tabbata. Inda ja ya fi fitowa shi ne raga ba kowa, abin da ke yawan faruwa ƙarshen wasa lokacin da ekip ɗin da ake ci ta cire gola ta sa ɗan fili da rigar gola don su zama biyar a gaba.

Shuɗin kati fa?

Babu shi a futsal na FIFA. Na Amurkawa masu bango ne, can in an ɗaga maka shi za ka je ka zauna minti biyu a wani keɓaɓɓen wuri ekip ɗinka na wasa da ragi, sannan kai ɗin dai ka dawo, tsarin da suka aro daga wasan hoki na kan ƙanƙara. Ka ga kenan minti biyu biyu ne ke yawo a bakin mutane, na Amurka wanda mai laifin ke dawowa, da na FIFA wanda wani ne ke maye gurbinsa. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne labarin da ya bazu a Fabrairun 2024 cewa IFAB, hukumar da ke tsara dokokin balon ƴan sha ɗaya, za ta gwada shuɗin kati na fitar da ɗan wasa minti 10. Shugaban FIFA Gianni Infantino ya fito ya ce bai yarda ba, kuma ba a sa katin cikin doka ba. Hotunan dai sun riga sun zagaya WhatsApp.

Masu goyon baya da masu suka

Masu kare lissafin fot suna cewa shi ya sa futsal ya zama wasan gwaninta, yaro mai ƙaramin jiki da iya yanka yana samun sarari don mai tsaro ya san kowane riƙo yana da farashi. Masu suka kuma suna cewa hukuncin ba ya daidai da laifin, ɗan taɓi a tsakiyar fili da bai cutar da kowa ba ya zama bugun mita 10 don kawai shi ne na shida, alhali mugun takal na minti na farko bai jawo komi ba sai bugu da katanga. Suna ƙarawa da cewa da zarar ekip ta kai biyar abokan karawa sai su koma neman fot, a ɗan goge su su zube, arbit kuma nauyi ya yi mishi yawa har wani ya riƙa haɗiye usur, abin da ya busa a farkon wasa ya ƙi busa shi a ƙarshe. Wannan sukar tana da ƙarfi, amsar da ake ba ta ita ce faɗuwar ƙarya ma katin gargaɗi ce, sannan ekip ɗin da ta kai biyar ita ta kai kanta.

Kan jan kati ma haka. Wasu na ganin minti biyu ya yi sauƙi, ekip na iya sadaukar da wanda ba ta damu da shi ba ya je ya ji ma gwanin abokan karawa. Ɗaya ɓangaren na cewa rasa mutum guda cikin huɗun da ke fili ba kamar rasa guda cikin goma ba ne, in aka ce har ƙarshen wasa to wasan ya ƙare tun a nan, kuma wanda aka kora yana da dakatarwa a gaba gwargwadon dokar gasar. A manyan gasa an ƙara da duba bidiyo tun kofin duniya na 2021 a Lituwaniya, inda koci ne ke neman a duba, kan ci ko penalti ko jan kati kai tsaye ko kuskuren hukunta wanda ba shi ya yi laifin ba. Wannan dai ba na filin unguwa ba ne.

Abin da ya shafi masu shirya gasa da ƴan wasa a nan

Dokar futsal an gina ta ne a kan tebur, arbit biyu a fili, na uku da mai agogo a gefe. Gasar da ke da arbit guda, shi ne busa shi ne agogo a wayarsa shi ne ƙirga fot a ka, ba makawa sai an samu saɓani a na biyar ne ko na shida. Ko ba kuɗin ɗaukar mutum huɗu, mutum guda da ba ya cikin kowace ekip, da allo da alli inda kowa ke gani, yana ja ma kowane fot layi, ya rage rabin rigimar.

Sai awon fili. Filin handbal mita 40 da 20 ne, ragarsa ma daidai take da ta futsal, da'irar mita 6 ɗinsa kuma ta yi kusa da wadda ake so, amma ɗigonsa na mita 7 da layin nan mai tsinke-tsinke na mita 9 ba su ne mita 10 ba, sai an auna an ɗiga fenti. Filin basket kuwa mita 28 da 15 ne, tsakiyarsa na mita 14 daga raga, faɗinsa ma bai kai mita 16 da doka ta sa a matsayin mafi ƙanƙanta ba, don haka wanda zai yi gasa a kansa dama ya riga ya shiga gyaran doka, gara ya rubuta gyaran a takarda ya ba kowane kyaftin kafin wasan farko: futsal ne ko marakana, ana zamiya ko ba a yi, wanda aka kora ana maye shi ko ba a yi.

Tarar kuɗi da wasu kwamitoci ke ɗorawa a kan kati, a ce sai ka biya kaza kafin ka sake bugawa, ba ta cikin dokokin wasa, tsarin masu gasa ne, kuma in ba a faɗe ta ba tun wajen biyan kuɗin shiga ekip na da hujjar ƙorafi. Abin da ke cikin doka shi ne kariyar ƙwauri dole ce, takalmi kuma mai shafaffen ƙasa na roba, ba mai ƙusoshi na babban fili ba wanda ke zamewa a siminti.

Agogo ma na canza nauyin hukunci. In gasa na amfani da agogon da ba ya tsayawa, kamar yadda akasari ake yi don a samu buga wasa uku ko huɗu a dare guda kafin a ɗauke wuta, to minti biyun jan kati na iya ƙarewa wajen ɗauko balon da aka harba bayan katanga da gangan. Masu gasa na iya tsaida agogon na minti biyun nan kaɗai duk sanda balo ya fita, ko su aje balo na biyu a tebur.